Ƙullin Bakin Buhu

SHAFI NA 41

Masu damuna da "ina ci gaba, ina ci gaba," to ga shi nan. Ke kuma baiwar Allah da kika ce in ban fito da Shu'aibu daga kurkuku ba za ki biyo ni har gida, ki zo, akwai tabarma. Ni na ɗaure shi? Alƙali ne ya yanke masa shekara bakwai, wai ya cika buhunan kamfani da baƙin yashi, ya lulluɓe saman da kuza, ma'adinin nan da ake haƙowa a ƙasar Jos, ya sayar musu. Ga shi har ya shiga shekara ta biyu a ciki. Mun tsaya ne inda babbar kotun Jos, wadda ke sauraron ɗaukaka ƙararsa, ta tilasta wa 'yan sanda su buɗe ɗakin ajiyar shaidu lauyansa ya gani da idonsa. Matarsa Hasiya ta bi lauyan. Ku gyara zama.

*

Kofur mai tsaron ɗakin ya sha fama da kwaɗon kafin ya buɗu, don tsatsa ta gama da shi. Yana tura ƙofar warin danshi da kashin ɓera ya yo waje, Hasiya ta ja gefen mayafi ta toshe hanci.

"Ga kayanku nan," ya faɗa yana ɓata rai. "A duba da ido, ban da yawan taɓawa."

Lauya Onyebuchi ya yi dariya. Haifaffen Jos ne, a Gada Biyu ya yi wasan ƙasa, Hausa ta zauna a bakinsa daram. Matsalarsa ɗaya, mace da namiji duk "ka" yake ce musu.

"Kofur, ba kai ka rantse a kotu ruwa ya cinye kayan nan ba? Ashe ruwan ya amayo su."

Kofur ya kau da kai yana tsaki.

"Maman Kubra, ka shigo mana. Buhu ba ya cizo."

Ta gyara goyon Kubra ta shiga. Ƙananan buhuna ne masu kauri jibge a lungu, irin na kuza, don kuza nauyi gare ta, ba a zuba ta a babban buhu. A jikin kowanne ga alamar Shu'aibu da baƙin fenti.

Nan take idonta ya ciko.

Ta tuna ranar da yake shafa alamar nan a tsakar gida, fenti ya ɗiga masa a wandon Juma'a. Ta yi ta mita, shi kuwa yana ta ƙyalƙyala dariya yana cewa ado ne. Wallahi da ta san abin da ke tafe, da ta bar shi ya ɓata wandon gaba ɗaya, ita dai ta zauna ta yi ta kallonsa.

"Ranar shari'a buhu ɗaya tak suka kawo," in ji lauya, ya tsuguna. "Shi ma an riga an yanke bakinsa. Sai yashi a kwano. Waɗannan suka ɓoye. Ka san dalili? Mutanen kamfani ta ciki suka farke su da wuƙa, bakin yana nan yadda aka ɗinke shi. Matso ka gani."

Ta matsa.

"Wannan ɗinkin wa?"

"Nasa ne," ta ce. Jan zare, a miƙe sambal, ƙulli ɗaya a ƙarshe. Ko a mafarki ta san shi.

"Yauwa. Duk mai jan zare, kuza ce zalla a ciki. To dubi wannan mai yashin."

Ya jawo wani buhun ya juyo mata da bakinsa.

Farar igiya ce. Ɗinkin a karkace. An naɗa igiyar sau biyu, aka bar ɗan kunne ta hagu. Bakin igiyar kuwa a tattaune yake, ya yi jajir da jan goro.



Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da wannan ƙullin aka ɗaure mata ƙunshin kayanta ranar da za a kai ta gidan miji. Da shi ake ɗaure mata dankali duk ranar Alhamis. Mahaifinta, Malam Ibrahim na Bukuru, injin ramin kuza ya cinye masa babban yatsa da manuniya na hannun dama tun tana goye. Tun daga nan ba ya iya ƙulli irin na kowa. Sai ya naɗa igiya sau biyu, ya kama bakinta da haƙori ya ja. Goro kuwa ba ya rabuwa da bakinsa.

"Mijinka yana cin goro?"

"A'a."

"Na sani. Hannun wani ne wannan. Amma mijinka ya tsaya gaban alƙali ya ce ba wanda ya taɓa makullin sitonsa sai shi. Maganar nan ita ta ɗaure shi, ba yashi ba." Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. "Ka saurare ni da kyau, Maman Kubra. In ba mu da sunan mai ɗinkin nan, lauyan gwamnati zai ce mijinka ne ya sa wani ya ɗinka masa. Alƙali ya rage masa shekara ɗaya, in ya ji tausayi biyu, shi ke nan. In kuwa akwai suna, ranar Litinin ɗin nan ka ɗora tukunya da shi."

Ranar Litinin. Tukunya da shi.



"Ka san mai irin wannan ƙulli?"

"Ban sani ba."

Lauya ya daɗe yana kallonta. Ba yaro ba ne, ya gane akwai abin da take ɓoyewa, amma bai matsa ba.

"Na sa sunanka cikin shaidu. Ka je gida ka yi tunani."

*

Ba gida ta nufa ba.

Ruwan Jos ba ya sallama, tana hanya ya sauko. Ta lulluɓe Kubra da mayafi ta ci gaba da tafiya, ko tasi ba ta tsaya nema ba. Ta isa ƙofar kurkuku jiƙe sharkaf. Gandiroban bakin ƙofa ya san ta, ya dube ta ya girgiza kai.

"Madam, yau ma? Wannan miji naki ya ji daɗi."

Ya bar ta ta shiga.

Ɗakin ganawa dogon benci ne, da ragar waya a tsakani. Ta zauna tana sauraron takun ƙafafu. Duk takun da ta ji sai zuciyarta ta ce shi ne. Da ya fito kuwa sai da ta ji kamar ta kurma ihu. Mutumin da ke saɓa buhun kuza biyu a kafaɗa yana waƙa, yau ga shi cikin gajeren wandon fursuna, wuya ya yi tsawo, kai a aske tal.

Amma murmushin yana nan. Wannan kam ba su iya ƙwace shi ba.

"Hasiya! Cikin ruwan nan? Sai kin kwantar min da yarinya?"

"Ina wuni."

"Bar gaisuwar tukuna. Juyo min da ita."

Ta miƙe ta juya masa baya, ta ɗaga mayafin. Kubra na barci, kumatu a manne da bayan uwar, baki a buɗe. Da cikinta aka ɗaure shi, bai taɓa ɗaukar ta ba ko sau ɗaya. Ya kafa goshi a jikin raga yana kallo.

"Kai, hancina ne wannan. Allah sarki, an cuce ta."

Hasiya ba ta yi dariya ba.

"Ta fara magana?"

"Tana cewa Baba."

Fuskarsa ta washe. "Ni?"

Ta kau da kai. Sai ya gane kakanta yarinyar ke kira. Ya gyaɗa kai.

"Ai Baban ne. Ba laifi."

Ta juyo ta zauna, ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta saba yi ba.

"Baban Kubra, na ga buhunan."

Murmushin ya ɗauke.

"Waɗanne buhuna?"

"Kada ka yi min haka. Na ga farar igiya. Na ga jan goro."

Ya waiga ya dubi gandiroban da ke tsaye a bakin ƙofa, sannan ya rage murya.

"Lauya ya sani?"

"Ya san ba hannunka ba ne. Bai san na wa ba ne."

"Alhamdulillahi."

"Alhamdulillahi? Alhamdulillahi ka ce? Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da kamfani suka jera min su a ofis."

"Ka sani, ka bar ni ina yawon gidajen malamai a yi min addu'a Allah ya tona asirin wanda ya cuce ka? Ka bar ni ina tashi ina yi wa ubana Allah ya isa ban sani ba?"

"Hasiya, ki yi a hankali."

"Ba zan yi ba!"

Kubra ta motsa. Hasiya ta jijjiga ta, hawaye na zuba, ba ta ko share ba.

Shu'aibu ya sauke numfashi.

"Ki ji yadda aka yi, sannan ki yanke masa hukunci. Kin tuna lokacin da kuza ta yi wuya, ramuka suna ta rufewa? Kamfani suka ce in ban cika lodi ba za su karɓe lasisina su ba wani. Ni da bakina na faɗa a gaban Baba, ina ƙorafi. Sai ga rasuwar Kawu, na tafi Bauchi. Wa zan bar wa makulli in ba shi ba?"

Ta gyara goyon Kubra.

"Na dawo na tarar lodi ya cika. Ya ce tsofaffin abokan aikinsa ne suka kawo ciko. Na ga ɗinkinsa a bakin buhunan, na gani sarai. To in sa hannu in kwance aikin surukina in duba? Da wane ido? Godiya na yi masa, aka loda."

"Ha'inci ne fa."

"Ha'inci ne, ban ce ba shi ba ne. Amma shi a zamaninsu haka lebura ke yi in awo bai cika ba. Duk buhunan wuri ɗaya ake juye su, tsibi guda, ba a san na wane da na wane ba. Bai san yanzu buhu-buhu ake gwadawa da alamar mai shi a jiki ba. Ko kwabo bai ci ba, Hasiya. Don kada tukunyarki ta mutu ya yi."

"Shi ne ya zuba ido aka tafi da kai?"

"Bai zuba ba. Ranar da aka kama ni har caji ofis ya biyo ni, zai faɗa. Na durƙusa na riƙe ƙafarsa. Na ce masa in ya yi magana mu biyu za a ɗaure, ke ga ciki, ki zauna da wa?"

"Gaskiya ne? Ku biyu za a ɗaure?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na faɗa ne don ya yi shiru."

Kai, Shu'aibu! Ni kaina mai ba ku labarin nan ban san ko in yaba masa ko in rufe shi da faɗa ba.

"Lauya ya ce in aka samu suna, Litinin za ka kwana a gida," ta ce.

"Ba za a samu ba."

"Baban Kubra..."

"Mutumin nan ya tsince ni ina wankin kuza a bakin kududdufi, ƙafa duk faso. Ya koya min sana'a. Ya ɗauke ki ya ba ni. Tun da na aure ki ban taɓa kiran sunansa ba, ko a bayan idonsa. Sai a gaban alƙali zan fara?" Ya girgiza kai. "Kin san ƙirjinsa. Sanyin gidan nan ba zai bar shi ya ga wata damina ba. Siminti muke kwana a kai. Ni da sauran ƙarfina."

Yana rufe baki tari ya sarƙe shi. Ya juya yana yi, yana yi, har sai da ya dafa benci.

"Ga ƙarfin nan na gani," ta ce.

"Mura ce."

"Tun bara kake ce min mura ce."

Ya goge bakinsa da bayan hannu.

"Ka yi tunanin Baba, ka yi tunanin kunya. To ni fa? Ni ba mutum ba ce?" Ta matso har numfashinta na taɓa ragar. "Har yau in zan zuba tuwo kwano biyu nake fitarwa, sai na zuba in tuna. Rigarka da ka cire ranar da suka zo, na ƙi wanke ta don in riƙa jin ƙanshinka. Ƙanshin ma ya gaji ya tafi. Duk motar da ta tsaya a bakin layi sai na leƙa. Immaculata maƙwabciyarmu har ta daina yi min dariya, yanzu tare muke leƙawa. Na gaji, Baban Kubra. Kewarka ta ishe ni. Ina son mijina ya dawo gida."

Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya zura yatsu biyu ta ramin ragar. Ta kama su. Sanyi ƙalau.

"Kina tsammani ni ba na ji? In aka kashe fitila, hanyar gida nake bi a raina. In sauka a Gada Biyu, in wuce mai tsire, in shiga layi, in ji ƙarar turminki. Kullum a bakin ƙofa ake tashe mu."

"To ka shigo mana. Ƙofar a buɗe take."

"In taka ubanki in shigo? In kika faɗi sunansa zan fito, haka ne. Ranar da aka aiko daga gidan nan a ce ku zo ku ɗauki gawarsa, da wane ido zan dube ki? Ke da wane ido za ki dube ni?"

Ta ƙara damƙe yatsunsa.

"Yi min alkawari za ki yi shiru."

"Ba zan iya ba."

"To ki faɗa."

"Shi ma ba zan iya ba!"

"Lokaci ya yi!" in ji gandiroba, yana buga kulki a ƙofa.

Shu'aibu ya zare yatsunsa a hankali.

"Ki ji da kyau. In na ga za ki buɗe baki, zan miƙe in ce na janye ƙarar. Ƙarata ce, ina da iko."

"Ba za ka yi min haka ba."

"Ki shafa min kanta."

Aka tafi da shi. Ta zauna tana jin tarinsa yana nisa har ya ɓace.

*

Ta manta shaf ranar Alhamis ce.

Tana shiga layi ta hango shi zaune a kan dakalin ƙofar gida, da tsohon kwat ɗinsa na ma'aikatan kuza a kan riga. Ga ƙunshin dankali da kabeji a gefensa. Tun da aka ɗaure Shu'aibu bai taɓa fashin Alhamis ba, ko ana ruwan ƙanƙara sai ya hawo motar Bukuru ya zo. A da tana ɗauka tausayi ne kawai.

"Baba! Baba!" Kubra ta fara zillo a baya.

Ta sauke ta, yarinyar ta tafi da gudu tana tangaɗi ta faɗa jikinsa.

"Amaryata! Ina kika shiga cikin ruwa?" Ya ɗago ya dubi Hasiya. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka bai taɓa kiranta da shi ba. "Uwata, lafiya? Idonki ya kumbura."

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ta jawo ƙunshin gabanta. Naɗi biyu, kunne ta hagu, bakin igiya jajir. Ta sa yatsa a kai ta kasa kwancewa.

"Baba, yau kotu ta sa an buɗe buhunan."

Bakinsa ya tsaya da taunar goro.

"Ba an ce ruwa ya cinye su ba?"

"Suna nan. Bakinsu ma yana nan yadda aka ɗinke."



Tsohon ya dubi hannunsa na dama, ya juya shi, kamar yau ya fara ganinsa.

"Kin je wurinsa?"

"Daga can nake."

"Me ya ce?"

"Ya ce in yi shiru."

"Lauyan fa?"

Ta so ta haɗiye maganar. Wallahi ta so. Amma yatsun nan masu sanyi suna nan a tafin hannunta.

"Ya ce in aka san mai ɗinkin, Baban Kubra zai fito."

"Ya fito?" Ya ɗago da sauri. "Ba mu biyu za a ɗaure ba?"

"A'a, Baba."

 

"Yaron nan," ya ce a hankali. "Yaron nan ya rufe ni."

Ya sauke Kubra daga cinyarsa ya miƙe.

"Baba, ka tsaya ka ci abinci."

"Na ƙoshi."

"Baba, ban ce ka yi komai ba! Wallahi ban ce ba!"

Bai waigo ba. Ta bi bayansa da kallo, kafaɗa ɗaya a karkace, yana tafe yana tari, har ya sha kwana. Sai a lokacin ta ga ya bar goronsa a kan dakali.

Juma'a ba labarinsa. Asabar ta aika Bukuru, aka ce ƙofarsa a rufe. Ranar Lahadi ta wanke rigar Shu'aibu ta shanya, ta zauna tana kallonta tana kuka. Ita kanta ba ta san wanda take yi wa kukan ba.

*

Litinin kotu ta cika. Immaculata ta karɓi Kubra ta zauna da ita a bencin baya. Aka shigo da Shu'aibu da ankwa, aka kwance shi, aka tsayar da shi a akwatin masu laifi. Bai dubi kowa ba sai ita.

Lauya Onyebuchi ya sha hular gashi da baƙar riga, ya yi ta zuba Turanci yana nuna Kofur da yatsa. Hasiya ba ta jin Turanci, amma ta ga yadda alƙali ya sauke tabarau ya harari lauyan gwamnati, shi kuma ya shiga share gumi cikin wannan sanyi. Tafinta ya ce mai shari'a yana tambaya ne, don me aka ɓoye wa kotun farko shaidar da za ta iya wanke mutum?

Aka ɗora buhu biyu a kan tebur.

Sai aka kira sunanta.

Ta miƙe ta fito. Aka ba ta rantsuwa ta yi.

"Kin san ɗinkin wannan buhu?" tafinta ya juya mata tambayar lauya.

"Na mijina ne."

"Ta yaya kika sani?"

"Ni nake murza masa zaren."

"Wannan ɗayan fa, na mijinki ne?"

"A'a."

"Kin san mai irin wannan ƙulli?"

Ta dubi Shu'aibu. Yana girgiza mata kai a hankali, hannunsa ya riƙe katakon akwatin, ya ɗan ɗago kamar mai shirin magana. Ta dubi igiyar. In ta yi shiru, mijinta ya koma kan siminti da tarin nan. In ta yi magana, ubanta ne zai kwanta a wurin.

"Mai shari'a yana jiran amsa," in ji tafinta.

Sai ƙofar baya ta yi ƙara.

"Baba!"

Muryar Kubra ce, ta cika kotun. Kowa ya waiga.

Malam Ibrahim ne, cikin farar rigarsa ta Sallah, an sha guga. Buta a rataye a hannun hagu. A hammatarsa ga wani ƙunshi. Ya tako a hankali ta tsakiyar mutane, ɗan sandan kotu ya tare shi, ya ture hannun kamar yana korar ƙuda.

"Ranka ya daɗe, na janye ƙara!" Shu'aibu ya ɗaga murya. "Na janye! A mayar da ni!"

Kotu ta kaure da hayaniya. Alƙali ya shiga buga tebur.

"Rufe min baki, yaro," in ji tsohon, bai ko ɗaga murya ba. "Ka yi naka. Ya isa."

"Baba, don girman Allah ka koma gida!"

Yau ne karo na farko da Shu'aibu ya dubi tsakiyar idon surukinsa, yana yi hawaye na bin fuskarsa.

Tsohon ya ƙarasa gaban tebur ya ajiye ƙunshinsa daf da buhun mai yashi. Naɗi biyu, kunne ta hagu, bakin igiya jajir. Ƙulli biyu gefe da gefe, ko makaho ya shafa ya san hannu ɗaya ne. Lauya Onyebuchi ya dube su, ya dubi hannun tsohon, ya cire tabarau a hankali.

Alƙali ya yi magana da kakkausar murya. Tafinta ya juyo wurin Hasiya.

"Mai shari'a ya ce ke ce a kan rantsuwa, ke za ki amsa. Wane ne wannan mutum? Kuma ƙullin nan na wane ne?"

"Hasiya, kada!" in ji Shu'aibu.

Malam Ibrahim ya juyo ya dube ta. Ya yi mata murmushin da yake mata tun tana ƙarama in za a yi mata allura.

"Faɗa musu, Uwata," ya ce. "Kada ki ji komai. Ai na zo da bargona."